Ruwan Tungan Maje

A gidan nan akwai wata magana da kuka mayar abin raha. In an aiki mutum ya daɗe bai dawo ba, sai ku ce ya yi Tungan Maje. Har jikokina da ba a haifa ba a lokacin sun iya faɗinta, suna ƙyaƙyata dariya ba su san wa suke yi wa ba. Na ji ta a bakin kowannenku, ban taɓa tankawa ba. Yanzu Baffanku Lawal ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, tunda haka addini ya ce a faɗa. Babu sauran auren da bakina zai lalata. Saboda haka zan ba ku labarin wannan hanya yadda ya faru, ku kuma ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Da babanku ya yi ritaya daga ma'aikatar tarayya inda ya ƙare aikinsa na injiniya, na zaci zai kama gona a Orozo kamar sauran abokansa. Sai ya kafa rumfar kwano a tsakar gidanmu na Kurudu ya fara ƙera mota. Injin daga wajen masu gyara na Apo, ƙarafa daga nan, tayoyi daga can, kullum hannunsa baƙi ƙirin da mai. Abin da ya fito daga ƙarshe ba irin motar da mutum zai kai iyalinsa kasuwa ba ce. Kujera ɗaya gare ta, ba ƙofa, ba gilashi, ba rufi, ga ta a ƙasa kamar za ta lashi titi, sai wani ƙarfe da ya lanƙwasa a bayan kan direba. Ya ce motar tsere ce. Ni kuwa makara nake ce mata, a gabansa da bayan idonsa. Ku manyan kun riga kun kama gabanku a lokacin, ɗaya a Kaduna ɗaya a Legas. Autarku Nusaiba ce take gida, ta gama karatun injiniyanci tana jiran aiki, ita ce mai miƙa masa sifana, daga baya ta zama ita ce mai shiga ƙarƙashin motar shi yana miƙa mata.

Da yamma nakan kai masa shayi rumfar in zauna a kan benci, ba don ina son motar ba, don dai in ba haka ba sai in wuni ban ga mijina ba. Shi kuwa mutum ne mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Wata rana hadari ya taso, na ga ya tashi da sauri yana tura tsumma a wani baki da ke saman injin.

Ya ce, “Hajiya, wannan ba ta shiri da ruwa. Nan take shaƙar iska. In ruwa ya bi ta nan aka tayar da ita, injin ya tashi aiki. Wannan ƙaramin akwatin kuma shi ne ƙwaƙwalwarta, ɗigo kaɗan ya ishe shi.”

Na ce, “To ka lulluɓe ta da tamfol mana, ka huta.”

Ya ce, “A tsaye, i. Amma in ana jan ta a hanya, tamfol ɗin da bai ɗauru ba ya fi ruwan ɓarna. Iska za ta riƙa kaɗa shi yana dukanta, ya goge fenti, ya tsinke wayoyi, ya kuma tara ruwa ya juye a kujera. Sai an fara rufe abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaure na sama tamau.”

Na ce masa Allah ya raba ni da ranar da zan buƙaci wannan karatu. Ya yi dariya. Bai ga damina ta gaba ba. Zuciya ce, da safe, yana alwala.

Bayan na fita takaba Nusaiba ta koma rumfar. Ban hana ta ba, na ɗauka kewar uba ce, za ta wuce. Sai ga ta wata rana ta zo ta durƙusa ta ce wasu matasa na shirya tseren motoci a wani fili gaba da Gwagwalada, ta sa sunanta. Ba zan ɓoye muku ba, na ƙi. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce ban binne miji don in binne 'ya ba. Muka yi kwanaki ba ma haɗa ido. Kowa a dangi ya san na ƙi, wannan kuwa shi ne abin da aka ɗaure ni da shi daga baya. Amma akwai abin da ba wanda ya gani sai ni da ita. Wata asuba na fito na tarar da ita zaune cikin motar, hannuwanta a kan sitiyari, ba ta tayar ba, ba ta kuka, tana zaune kawai. An riga an sa ranar aurenta da Usman, bayan babbar Sallah.

Ta ce, “Mama, sau ɗaya tak. Baba bai taɓa ganin ta tana gudu ba. In na yi, na bar ta har abada.”

Na ce, “Allah ya tsare. Ni zan raka motar da kaina.”

Tsoron da ya rage mana shi ne Baffanku Lawal, yayan babanku, wanda shi ne waliyyinta. Mun je gidansa a Gwarimpa da shirin jin wa'azi. Sai mutumin nan ya washe baki, ya dafa kan Nusaiba, ya ce jinin ƙaninsa ne ke gudana a jikinta. Ya ce kada mu wahala da neman motar haya, zai ba mu a-kori-kurarsa da direbansa Ɗanjuma, da ƙaramar tirela mara rufi wadda ake ɗaurawa a baya, da tamfol sabo fil tunda damina ta sauka. Nusaiba ta fito tana share hawayen murna. Ni ma na ji kunyar zargin da na shiga gidan da shi.

Ranar tseren Nusaiba ta yi sammako tare da Usman, don ana son direbobi su isa da wuri a duba takardunsu a nuna musu hanya. Ɗanjuma zai zo da hantsi mu ɗora motar mu bi su. Bai zo ba sai da rana ta take. Maƙwabta suka taimaka aka tura motar kan tirela, aka ɗaure tayoyinta da sarƙa. Na tambaye shi tamfol, ya ce yana bayan kujera. Muka kama hanya. Da muka wuce Nyanya muka shiga gari, maimakon ya bi hanyar filin jirgi da za ta fitar da mu Giri kai tsaye, sai ya karkata ta Kubwa. Na ce masa wannan ai zagaye ne. Ya ce jami'an hanya na tare masu jan tirela a can, oga ya ce a bi ta Zuba. Yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Na bar shi, don ban san dokar tirela ba, kuma ba motata ba ce.

Muna wuce Zuba na ga gabas ta haɗe. Kafin mu kai Tungan Maje iska ta fara ɗaga ledoji sama, masu kaya a bakin titi suna ta tattarawa. Na ce ya tsaya mu rufe motar. Ya yi kamar bai ji ba. Ɗigon farko ya bugi gilashi, na waiwaya na ga motar babanku a buɗe, kujerarta na kallon sama. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗan wani ba, sannan ya gangara gefe kusa da wasu rumfunan masu doya. Na sa hannu bayan kujera. Babu komai sai jarkar mai da tsohon silifa.

Na ce, “Ina tamfol ɗin?”

Ya ce, “Wallahi Hajiya, na ɗauka an saka.”

Bai fito daga motar ba. Ni na fita, mace mai shekaru sittin da ɗoriya, da ciwon gwiwa, na hau tirelar nan da rarrafe. Na cire gyalena na dunƙule na cusa a bakin da take shaƙar iska. Na zazzage jakata, na sami ledar da na zuba dabino, na zubar da dabinon na rufe ƙaramin akwatin nan da ita. Ruwa ya riga ya fara sauka da gaske, irin wanda yake zuwa a karkace. Na kwanta a kan kujerar da jikina don ban ga abin da zan rufe ta da shi ba. A haka wata mata ta same ni, mai sayar da doya, 'yar Filato, ana ce mata Maman Ladi. Ta tsaya da buhu a kanta tana kallona.

Ta ce, “Mama, kai zai mutu a kan wannan abu? Sauka, ruwa zai kashe ka!”

Na ce, “Ki taimake ni da leda, kowace iri. Motar mijina ce, ya rasu.”

Ba ta sake tambaya ba. Ta koma ta yaye babbar baƙar ledar da ta rufe doyarta da ita, ta bar doyar a ruwa, ta haɗo da buhunan taki da wani tulin robar tsohon tiyub da suke ɗaure kaya da ita. Muka yi yadda babanku ya faɗa. Buhu a kan kujera, buhu a kan sitiyari da agogunan gabanta, wani a kan batir, kowanne da ɗaurinsa. Sannan muka shimfiɗa babbar ledar daga hanci zuwa ƙarfen baya, muka tura kwandonta a ƙarƙashi don tsakiyar ta yi tudu ruwa ya riƙa gangarewa, muka bi gefe-gefe muna ja muna ɗaurewa a jikin tirela har ba inda iska za ta sami shiga. Robar nan ta tsinke ta tsarge ni a fuska, ban ji zafin ba sai washegari. Muna gamawa na ji sanyi a raina. Na ce ko a hankali muka tafi, za mu isa kafin a fara.

Na juya in ce wa Ɗanjuma mu tafi, sai na gan shi a tsugune tsakanin motarsa da tirela, waya maƙale a kafaɗa, yana kwance ƙugiyar da ta haɗa su. Na zaci gyara yake yi.

Ya ce, “Hajiya, oga ya ce in koma yanzu-yanzu, ana neman motar.”

Na ce, “Ba ni shi.”

Ya miƙo mini wayar. Muryar Baffanku ta fito a natse, kamar mai karanta labarai.

Ya ce, “Rabi, ki dubi sama. Allah da kansa ya yanke hukunci. Ni ba zan tsaya a ɗaurin aure ana nuna ni ana cewa ga wanda 'yarsa ta zauna a mota ba rufi maza na ihu ba. Ke ma ai ba kya so. Na sauke miki nauyi ne.”

Na ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah. Kai ka dafa kanta.”

Ya ce, “Yarinya ce, za ta manta. Ke kuma babba ce, kin san aure na gaba.”

Ya kashe. Ɗanjuma ya karɓi wayarsa, ya kasa kallona, ya ja motarsa ya yi kwana ya nufi Zuba. Na lalubo tawa wayar a ɗaurin zani, ta sha ruwa ta mutu. Lambar Nusaiba kuwa ban taɓa haddace ta ba, wa yake haddace lamba a zamanin nan? Haka na tsaya a bakin titin Tungan Maje, ba gyale, kallabi ya manne a kai, ina ɗaga wa motoci hannu. Manyan motoci na watsa mini ruwan kwata. Masu ƙananan motoci na rage gudu su kalli tsohuwa da wani abu a nannaɗe cikin baƙar leda, su ƙara mai. Maman Ladi ta ba ni zaninta na yafa, ta shiga ruwan tana taya ni tsayar da su. Waɗanda suka tsaya ba su da ƙugiyar ja. Sai da ruwa ya ɗauke, rana ta karkata, sannan ta samo wani mai a-kori-kura da ya sauke bulo, ya yarda ya ja mu. Na roƙe shi kada ya yi gudu, don kada ɗaurin ya saki. Da na ce zan biya ta doyar da ta jiƙe, sai ta ce in bari, ita ma mijinta ya mutu.

Mun isa filin bayan la'asar. Ana naɗe rumfuna, ana loda kujeru. Ashe can ruwan bai yi ƙarfi ba, an ɗan jira, an yi tseren an gama. Na hango Nusaiba zaune a kan wata taya, sanye da rigar tseren da ta ɗinka, hular kwano a cinyarta, Usman na tsaye a gefenta. Ba ta taso da gudu ba. Ta zo a hankali, ba ta dube ni ba, ta hau tirela ta fara kwance robobin. Ta yaye ledar, ta cire kwandon, ta cire buhunan ɗaya bayan ɗaya, ta shafa kujerar da tafin hannunta. A bushe take ƙayau. Ta zaro gyalena daga bakin injin, ta murɗa makulli, motar ta tashi da bugu ɗaya, ƙararta ta cika filin da ba kowa. Na ji wani abu kamar alfahari ya taso mini. Sai ta kashe ta, ta juyo.

Ta ce, “Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ashe kin sami lokacin yi mata wannan ɗaurin duka.”

Na ce, “Nusaiba, Ɗanjuma ne ya kwance mu ya tafi. Baffanki ne ya...”

Ta ce, “Baffa ya kira ni tun azahar, Mama. Ya ce kin ga hadari kin ce ba inda za a je, kin kori direbansa. Har haƙuri ya ba ni a madadinki. Da kin ce mini ba ki yarda ba, da na haƙura tun a gida. Ba sai kin sa na zauna a nan ana kiran sunana a lasifika ba.”

Na dubi Usman. Yaron kirki ne, amma danginsa masu son jin magana ne, kuma Baffanku ne zai ba da aurenta. In na tsaya a filin nan na ce waliyyinta maƙaryaci ne, sai an tara dangi. In an tara, Ɗanjuma zai rantse da abin da mai ba shi albashi ya ce, ni kuma shaidata mai doya ce a bakin titi, ga kukan da na yi a baya kowa ya ji. Ko na ci nasara, na san mutumin da na yi wa zaman surukuta shekara da shekaru. Zai janye hannunsa daga auren, ya bar 'yata da sunan wadda danginta suka ƙi tsaya mata. Na auna wannan duka ina tsaye da zanin wata a jikina, ruwa na ɗiga daga kallabina. Na ce mata ta yi haƙuri. Ta ɗauki wannan a matsayin na amsa laifi, kuma haka ta ba ku labarin.

An yi biki lafiya. Baffanku ya sha babbar riga, ya yi jawabi a kan riƙon amanar marayu, mutane na gyaɗa kai. Bayan biki da 'yan makonni ya aiko a ɗauki motar, wai rumfarmu na yoyo, garejinsa ya fi tsaro. Nusaiba da kanta ta ba da makulli. A wannan karon Ɗanjuma ya zo da wuri, da tamfol sabo. Da rani ya zagayo aka sake shirya tsere, ɗansa Mubarak ne ya shiga da ita, an sake mata fenti, an rubuta sunansa a gefe. Ashe rashin rufin bai dame shi ba in ɗansa ne a ciki. Yaron bai san hannunta ba, ya ƙona injin tun kafin ya gama zagaye. Na ji an sayar da ƙarafanta a kilo. Ban je na gani ba.

Nusaiba ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, kada ku fahimce ni a karkace. Tana gaishe ni, tana aiko mini da magani, in na kwanta asibiti ita ce ke kwana. Amma tun daga ranar ba ta sake shawara da ni a kan abin da ya shafi zuciyarta ba. Da aka yi mata tayin aiki a wani kamfanin haɗa motoci, wajen Baffa ta je, ya ce mata aikin maza ne, ta bari, ni sai daga baya na ji. Sau da yawa na shirya zan faɗa mata, sai in ga ciki gare ta, ko jego, ko Baffan ba shi da lafiya tana jigilar kai masa abinci, in ce ba yanzu ba. Ranar da ya rasu ta fi 'ya'yansa kuka. Ina zaune a gefenta wajen zaman makoki ta ce wa matan da ke wurin, duk dangi shi kaɗai ne ya taɓa yarda da ita.

Ɗanta na fari sunan Baffanku Lawal ta sa masa. Kuna kiransa Baffa, ni ma haka nake kiransa, don yaro ba ruwansa. Ran suna da aka raɗa masa aka fito da shi, ni aka miƙa wa, tunda ni ce kaka. Na karɓe shi, na yi masa addu'a, mata suna ta guɗa. Nusaiba ta ɗago daga kan gado tana murmushi ta ce, “Mama, sunan ya yi miki?”

Na ce, “Allah ya raya.”